Wa Ya Ce Ba Muryarta Ba Ce?

Nereida Cantillo tana da shekara goma sha bakwai waƙarta ta farko ta karaɗe birnin Barranquilla. Direbobin bas na sa ta, masu soya ayaba a bakin titi na rera ta. Kafin shekara ta zagayo an sa Nereida a wasan talabijin, ta fito a 'yar masunci, gari ya ɗauka. Ana cikin haka wata jarida ta buga cewa ba muryarta ba ce a faifan, wai baki kawai take motsawa. Wai wani na kusa da ita ne ya tsegunta musu.

Daga ranar ba ta ƙara yarda da kowa ba. Ta sallami manajanta, ta daina gaisawa da makaɗanta. Amma zarginta ya fi tsayawa kan Marelvis, 'yar amshinta, don muryoyinsu na kama sosai. Kasuwa ta ja baya. Ta fitar da faifai biyu ba su karɓu ba, ta fito a wasa ɗaya a matsayin gwaggon amarya, daga ƙarshe ta buɗe shagon gyaran gashi a unguwarsu.

Bayan shekara ashirin, wata Talata, sai ga Marelvis a shagon. Yanzu ita ke shirya wani shirin waƙa a talabijin.

"Ƙawata, ina so ki zo ki yi mana tsohuwar waƙarki ranar Asabar."

"Ƙawarki? Yau kuma? Me aka ƙulla?"

"Kai, Nereida! Har yanzu kina nan da halinki?"

"Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu."

Ta kwana uku tana juya maganar. Ta tabbata so suke su yanke kiɗan a tsakiya, duniya ta ji ta tana kame-kame. Duk da haka ta je. Aka miƙo mata ruwa ta ƙi sha, aka kawo mai kwalliya ta ce ta gode, ta yi abarta daga gida.

Da makaɗa suka ɗauko, sai ta ɗaga hannu.

"Ku dakata, samari. Ba na son kiɗa."

Ta rera waƙar tun daga farko har ƙarshe da zallar murya. Muryar ta yi kauri, ta ɗan dushe a sama, amma duk wanda ya san faifan ya gane mai shi. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Ta hango Marelvis a gefe tana share hawaye, ta ce a ranta, ko na murna ne ko na kunya, oho.

Gayyata ta fara shigowa daga garuruwan gaɓar teku. Tana zuwa wasu, tana ƙin wasu, kuma ba ta rufe shagon ba.