Filo Huɗu a Falon Binta

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Binta, amma sai bana na san irin hannun da na rasa.

Likitar gashin ƙashi ce. A Kano ta faro da masu karaya. Da muka zo London ta koma kan masu shanyewar ɓarin jiki, daga baya ta tsaya kan tsofaffin da aka canza wa gwiwa. Mutanenmu dai "mai tausa" suke ce mata, har da ni in tsokana ta motsa. Sai ta harare ni ta ce, "Alhaji, bi a hankali, kai ma kana da gwiwa."

A asibiti, da zarar majinyaci ya iya hawa bene ya shiga bas, an sallame shi. Ita kuwa ta san dattijonmu ba bene ne damuwarsa ba, sujada ce. Don haka duk Asabar falonmu na Dagenham cika yake da tsofaffi. Takan jera wa mutum filo huɗu a gaba, ya durƙusa ya ɗora goshi a kai, ba a cikin sallah ba. In gwiwa ta saba, ta zare ɗaya. Ni kuwa ina ɗaki ina mitar an hana ni kallon ƙwallo.

Bana aka canza mini gwiwar dama. Matashiyar likitar da aka haɗa ni da ita tana da kirki, sai dai rabin ganawarmu ta waya ce, ina lanƙwasa ƙafa tana kallo. Ko me Binta za ta ce, ita da ba ta yarda da gwiwa sai ta taɓa ta? Da aka sallame ni, a kujera nake sallah. Na kira ɗanmu Sadiq na ce, "An yi discharging ɗina, amma goshina bai kai ƙasa ba." Ya amsa da Turanci cewa addini ya yarda da kujera. Na sani. Ni dai tsoro nake in mutu ban sake sujada ba.

Sai na ɗauko filo huɗu. Wata uku ina yi ni kaɗai, ni ke ƙirga, ni ke zarewa, ni ke yi wa kaina faɗa da kalmominta. Kaɗaicin ya fi gwiwar ciwo.

Ba ta bar littafi ba, ba a sa sunanta a wani bango ba. Amma ranar Juma'a a masallacin Whitechapel ina ganin dattawa biyu da suka bi ta falonmu, suna sauka ƙasa ba kujera, kuma na san aikin waye.

Talatar da ta wuce, a sallar Azahar, goshina ya taɓa dadduma. Ina sallamewa na juya wajen ƙofar kicin, inda take tsayawa ta ce wa tsofaffinta, "Ka gani ko, Baba?" Babu kowa. Sai na tashi na ƙara raka'a biyu, na daɗe a ƙasa ina roƙa mata rahama.