Gaurakar Saja Sada

A shekarar 1999, da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Saja Sada ma ya ajiye kaki ya dawo gidan mahaifinsa a Ƙofar 'Yandaka, cikin birnin Katsina. Abokansa na ƙuruciya suka sa shi gaba da zolaya: manya sun koma bariki, shi kuma sai yanzu ya fito.

Kuku ne a soja. Ya fi shekara ashirin yana dafa wa bataliyarsu abinci, har Laberiya ya bi su da tukwanensa. Ranar sallama ya mayar da takalma da hula, amma kwamanda ya bar masa bajon kafaɗarsa: ɗan ƙyalle kore, da gauraka tsaye a ƙafa ɗaya. Kowane kurtu sai an koya masa ma'anarsa. Koren shi ne daji, makwancin soja. Gauraki kuwa in suna kiwo, ɗaya ke miƙe wuya tana gadin sauran. A kafaɗar hagu ake ɗinka shi, don bakin tsuntsuwar ya dubi gaba.

Sada ya adana bajon a akwati, ya kafa rumfar shinkafa da wake a bakin Babbar Kasuwa. Hannun da ya saba ciyar da bataliya bai iya dafa kaɗan ba, nan da nan masu dako da direbobi suka gane wurin.

Wata rana garwashi ya ƙona hannun rigar aikinsa na dama. Matarsa Furera ta nemi ƙyallen faci ta rasa, sai ta ɗauko bajon ta rufe hudar da shi.

"Furera, mi na gani haka?" in ji Sada. "Wannan hwa ba a sa shi a kayan gida. Kuma kin sa shi a dama, ga gauraka na kallon baya."

"Malam, mulkin soja ya ƙare," ta ce. "In ka ƙi, fita da huda."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya sa.

Ranar wata Talata, yana tsakiyar zuba wa mutane abinci, wani direban motar hatsi ya tsaya a bayansa ya daka tsawa:

"Wane mai ƙarfin hali ne ya sa gauraka gudu daga fagen fama?"

Sada ya juyo da ludayi a hannu. Luka ne, mutumin Filato, direban motar kicin ɗinsu a Laberiya. Rabonsa da shi tun ranar da aka sa Luka a jirgi da harsashi a cinya, daga baya labari ya zo cewa ya rasu.

"Luka! Ashe kana duniya?"

"Ina nan, Saja! Ƙafa ce kawai ta gajarta."

Ludayin ya faɗi. Suka rungumi juna, suna dariya suna share hawaye, masu cin abinci suka miƙe suna tambayar ko 'yan'uwa ne. Sada ya ce sun fi haka. Ranar ya rufe rumfa tun kafin la'asar, ya ja Luka gida. Da Furera ta ji yadda aka yi, sai ta ce to, a riƙa gode wa mai faci.

Da damina ta wuce Luka ya kwaso iyalinsa zuwa Katsina, matarsa Larai ta fara suyar kifi a gefen rumfar. Labari ya bazu, tsofaffin 'yan bataliyar suka riƙa ɓullowa, wani daga Batagarawa, wani daga Funtuwa, kowa da nasa bajon a aljihu.

Su ne suka karɓe girkin bikin Lailatu, babbar 'yar Sada. Dattawa masu furfura suka jera tukwane a ƙofar gida, Sada na ba da oda, Luka na ɗingishi da buhun albasa. Matan unguwa suka zauna a inuwa suna kallo, abincin kuma ya kai har maƙwabtan maƙwabta.