Gulbin da Baba Manu Ya Gyara Mana

Jama'a, yau wani tsoho ya ba mu kunya a Argungu!

Muna zana gulbin Rima a bangon unguwarmu don nuna yadda ruwa ke janyewa. Sai ga Baba Manu, tsohon masunci. Ya ce, "Yara, wanga rafi kunka zana, ba gulbi ba!"

Ya karɓe burushina, ya faɗaɗa ruwan har ƙarshen bango. Ya zana giwan ruwa kusan tsawona! Nan take tsofaffi suka taru, kowa na ƙara kifin da ya sani. Wallahi rabinsu ban taɓa gani ba!

Na ce, "Baba, ina ake samunsu yanzu?"

Ya dafa bangon, ya ce, "Nan kaɗai, ɗiyata."