Arzika da duwan ɗin Faransawa

Bana shekara ashirin da rasuwar Arzika, ɗan kawuna, kuma har yau ana ambaton sunansa a kasuwar Filinge.

Tare muka fara fatauci. Mukan kora jakai zuwa Sakkwato da kanwa, mu ɗauko baƙin zane da goro. Da Faransawa suka zauna da gindinsu a ƙasarmu ta Kurfai, sai aka wayi gari Sakkwato ta zama ƙasar Ingilishi, aka kafa duwan, wato masu karɓar kuɗin fito, a hanya. Duk zanen da ya ƙetaro sai an biya masa. Kafin ya iso Filinge ya fi ƙarfin manomi. Fatake suka yi ta sayar da jakunansu, yadin Faransa kuwa yana shigowa ta Yamai ba mai tare shi.

Ni ban tsaya gardama ba, na koma sarin yadi a kantin Yamai. Na ce wa Arzika ya zo mu haɗa hannu. Ya yi dariya.

"Taubashi, zane na sunka ce a biya ma duwan. Mai rina shi fa?"

Ya tafi Sakkwato, ya dawo ba kaya, sai wani tsohon marini a kan jaki. Masu duwan suka zazzage mangala, suka ƙyale su. Ya haƙa karofi a bayan gari, ya raba wa mata auduga, ya tayar da masaƙan da suka jingine aiki. Ba a jima ba, amaren ƙasar Imanan da 'yan borin ƙauyuka duk ƙofarsa suke tsayawa.

Na fi shi samu, wannan kowa ya sani. Ni na fara ɗaure doki a danginmu. Amma ni "mai yadin Nasara" ake ce mini, shi kuwa da sunansa ake kiransa. Ranar sunan ɗana na fari, uwar da ta haife ni zanen Arzika ta ɗaura, nawa yana ninke a ɗaki.

Yau yashi ya cike karofin, 'ya'yan marina sun tafi ci-rani Gwalkwas, kowa yadin kanti yake sawa. Da zai leƙo, ban sani ba ko kuka zai yi, ko wata dabarar zai sake ɓullo da ita. Na fi zaton ta biyu, kuma shi ne abin da ke cina.

Kwanan baya a kasuwar Baleyara wata tsohuwa ta murza yadina, ta duba tafin hannunta.

"Wanga ba shi barin shuni ga jiki. Na Arzika, ko ka tuɓe shi, an san ka sa sutura."

Ta saya dai, don babu wani. Na naɗe mata ban ɗaga kai ba. Ni ne zaune a rumfa, amma shi ake nema.