Akuyar Inna da furen roba

Ƙawaye, yau saura kaɗan a yanka akuyar Inna saboda ni.

Ƙarfe biyu da kwata na shiga falo, na tarar ta cinye sabon furen roba tas. Ga ta da tsohon ciki.

Da safe ne Yaya Sani ya aike ni Sabon Gari, shagon wata Bayarabiya, in zaɓo masa furen roba na ado. Iya mai shagon tana ciki, ta ce in ɗauki wanda ya yi mini. Na buɗe littafina na kimiyya, na bi ganye ɗaya-ɗaya. Na bakin ƙofa ya fi duka: jijiyoyi daidai, har da hudar tsutsa, har ƙamshi. Na ce lallai masana'anta sun iya aiki.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Roba a cikin dabba? Ke da karatunki!"

Yaya ya ce a kira mahauci kafin ta mutu.

Na roƙi a jira ni. Na koma shagon a guje.

"Iya, robar nan tana kisa?"

Ta leƙa bakin ƙofa, ta dube ni. "Ashe ke ce? Tun safe nake neman ɗoɗɗoyar miyata."