Ƙofar Da Bijimi Ke Gadi

Shekarar da idon Baba ya fara rauni, na ɗauko shi daga Kurfi ya zauna gidana a Dutsin-Ma, don ya fi kusa da likita. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce hawan jinin ido ne, magani zai ja wa abin birki kawai, amma ganin tafiya yake yi.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare, kuma ina da wata na'urar gem, ta wasa a talabijin, da na saya a hannun wani abokin aiki. Wasa ɗaya nake yi a kanta, na wani ƙaton jarumi mai gatari, wanda ya yi fushi da gumakan Turawan dā, yake bin su ɗaya bayan ɗaya yana sara. Kunyar Baba nake ji, don haka sai na ga ya kishingiɗa bayan la'asar nake kunnawa, in rage murya. Ran nan ina tsakiyar faɗa da wasu kwarangwal sai na ji ya ce daga bayana, “Wanga mutum mi suka yi mishi?”

Na ce masa gumaka ne suka zalunce shi, shi ne yake ramawa.

“To, in gumaka yake farfasawa ai aikin lada yake yi. Matso mini da kujera.”

Tun daga ranar, kullum na dawo makaranta sai in tarar ya riga ya ja kujerarsa dab da talabijin, har hancinsa na neman taɓa gilashi. Yakan ba ni umarni kamar shi ya haifi jarumin. In na sare dodo ya buga sandarsa a ƙasa. Ni kuwa daɗi nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, don Baba ba mutum ba ne mai yabona. Na yi karatu, na kawo takardu, abin da ya ce kawai shi ne Allah ya sa albarka. Yabonsa duk na taubashina ne, ɗan ƙanwarsa da ya riƙe tun yana yaye, wanda yanzu yake noma da kiwon shanun huɗa a Wurma. Tun muna yara in an ce gona, shi ne. In an ce hankali, shi ne. Ni dai mai riƙon biro ne. Yanzu ga ni na sami abu guda da Baba yake zama ya zuba mini ido a kansa, da ɗan sauran idon da ya rage masa.

Muka yi ta ci gaba har muka iso wata babbar ƙofar ƙarfe. Mai gadinta wani dodo ne, jikin mutum, kan bijimi, da guduma a hannu. Nan tafiya ta tsaya. Kwana goma sha ɗaya yana kashe ni. In afka masa da sara, ya kwashe ni da ƙaho ya maka da bango. Baba ya ƙagu ya ga abin da ke bayan ƙofar. Wani lokaci ya ce zinariya ce, wani lokaci ya ce iyalin jarumin aka kulle a ciki. Na yi masa alkawari ni zan buɗe masa ita.

Ana cikin haka taubashina ya zo duba Baba, da buhun gero a bayan babur da kwalbar man shanu. Ya tarar da mu a gaban talabijin, bijimi ya sake tattake ni.

“Malam, ashe aikin gwamnatin ke nan?” in ji shi. “Kawo in gani.”

Na ce, “Bawana, wannan ba galma ba ce. Ka je ka wanke hannu tukuna.”

Bai ko saurare ni ba, ya fizge hannun gem ɗin, wato abin danna maɓallai. Tsakanin taubasai ba a fushi da irin wannan. Ya ɗauki hularka, ya cinye tuwonka, dariya za ka yi ko kana ƙuna a ciki. Na nuna masa maɓallin sara da na kaucewa, ina jiran in sha dariya.

Karon farko ya mutu nan take, na kuwa yi dariya har da riƙe ciki. Karo na biyu bai kai sara ko ɗaya ba. Zagaye kawai yake yi yana kallon dodon, har aka kashe shi. Sai ya juya wajen Baba.

“Kawu, ai wanga sa ne sosai. Duba, ba shi tunkuyi sai ya sauke kahwaɗar hagu ya tono ƙasa sau biyu. In ya wuce kuma sai ya tsaya shina huci. Nan ne wurin bugu.”

Kwana goma sha ɗaya ina kallon dabbar nan, ban taɓa lura da kafaɗarta ba. A karo na uku taubashina ya tsaya cak, yatsunsa masu kanta suna kan maɓalli kamar mai jiran kaza ta shiga akurki. Da bijimi ya sauke kafaɗa, sai ya kauce masa, ya sare shi sau biyu, ya ja baya. Haka ya yi ta yi, ba gaggawa, har dodon ya durƙusa. Baba ya miƙe tsaye ba sanda. Ya kama yi wa taubashina kirarin da yake yi masa a gona ranar gayya. Ni ina zaune a gefe, na ce madalla, amma a fatar baki kawai. Kishi ne, ba wani abu ba. Ina da shekara talatin da shida, ina kishin ɗan'uwana a kan dodon talabijin.

Jarumi ya ɗora hannu a kan ƙofar ke nan aka ɗauke wuta. Baba ya ce ba komai, gobe ma rana ce, sai mu shiga tare. Taubashina ya hau babur ya koma Wurma kafin magariba.

Da safe wuta ta dawo, Baba yana barcin hantsi. Na kunna, na ga na'urar ta ajiye wasan daidai bakin ƙofa, gawar bijimi na kwance. Abin da ya rage kawai a tura. Na tsaya ina kallo. Na ce a raina ba zan shiga ƙofar da wani ya buɗe mini ba. Zan mayar da wasan baya kaɗan, in kashe dodon da hannuna a gaban Baba. Na shiga wurin ajiya na danna gogewa. Ashe ajiyar guda ɗaya ce tal. Tafiyar wata biyu ta tafi, jarumi ya koma ƙauyensu ba ko gatari.

Da la'asar Baba ya ja kujera. Ya daɗe yana ƙura wa talabijin ido.

“Ina ƙohwar?”

Na ce ɗaukewar wutar jiya ce ta goge komai. Bai ce na yi ƙarya ba. Ya dai juyo ya dube ni, irin kallon da yake yi mini ina yaro in na ce akuya ce ta sha furar. Ya ce to, a sake. Ya zauna kwana biyu yana kallon abin da ya riga ya gani, a na uku ya ce idonsa na yi masa yaji. Da aka yi ruwan farko ya matsa sai an mayar da shi Kurfi, wai ba a yin shuka yana birni.

Sai da na yi wata uku kafin in koma bakin ƙofar, ga jarrabawar ɗalibai, ga wuta yau akwai gobe babu. Na kashe bijimin a karo na biyu, ni kaɗai a ɗaki, ina kallon kafaɗar hagu. Ban tura ƙofar ba. Ranar Asabar na naɗe na'urar da talabijin a bargo, na ari ƙaramin janareta, na kama hanyar Kurfi.

Na tarar da Baba a zaure. Da na yi sallama, sai ya juya fuskarsa wajen da ba nan nake ba. Ƙanwata ta riga ta gaya mini a waya cewa abin ya yi nisa, ni ne ban yarda ba. Duk da haka na haɗa wayoyi, na tada janareta, na ja shi dab da gilashi kamar dā. Ya ce haske kawai yake gani.

Na tura ƙofar, na riƙa faɗa masa abin da ke ciki. Ba zinariya, ba iyali. Wata doguwar gada ce a kan teku, da wani dutse can nesa mai wuta a kansa. Ya saurara, yana gyaɗa kai.

“Wa ya kashe san?”

“Ni ne, Baba.”

“Ka jira ya sauke kahwaɗa?”

“Na jira.”

“Madalla,” in ji shi. Ya lalubo gwiwata ya dafa. Kalmar da na yi shekaru ina nema ke nan, ga ta na samu. Janareta na ta ƙara a waje. Can ya ce, “Ɗan'uwanka ya buɗe mini ita tun ina gani.”

Jarumi na tsaye a bakin gada yana jira in matsa da shi, hannun gem ɗin na kan cinyata. Baba ya tambaye ni kalar ruwan tekun, na gaya masa.