Ranar da na yi wa oga ladabi

Sabuwar na'urar kwamfuta ta iso ofishinmu na aikin gona a Birnin Kudu da fasasshiyar fuska, domin direba ya ɗaure gilashinta tare da tayar safaya. Ni kaɗai na yi kwas ɗin kwamfuta a Kano, saboda ita aka ɗauke ni aiki. Aka ce mai duba aiki zai zo ran Alhamis. In ta yi aiki, ta zauna, na zauna. In ba ta yi ba, a mayar da ita, ni kuma a tura ni Gwaram tsaron sito.

Dabarar ba wuya. Muna da wani tsohon allon kwamfuta mai koren rubutu da madannansa. Sai a ja waya daga bayansa zuwa bayan na'urar, ta riƙa magana ta can. Na fere wayar da reza, na sauya siraran wayoyi biyu a ciki, don bakin wannan ya faɗa kunnen wancan. Na daidaita saurinsu. Saura sharaɗi ɗaya: dole a cire madannan na'urar kanta kafin a kunna. In ta ji su a jikinta, sai ta aika maganarta ga gilashin da ya mutu. Ran Laraba da la'asar koren rubutu ya zubo, har na yi sujada.

Ogan namu wata uku ya yi a ƙasar waje, ya dawo da lofe da ƙasaita. Fitilar ƙwai ma sai an kunna masa, amma babu abin da bai sani ba.

Ran Alhamis ya shigo da baƙon mai duba aikin, wani Alhaji mai fara'a. Oga ya hangi madannan na'urar da na cire a kan kabad.

"Kayan gwamnati a yashe? Wace na'ura ce ke aiki babu madannai?"

Ya kashe ta, ya soka wayarsu da hannunsa, ya kunna, ya gyara babbar riga. Allon ya yi shiru. Muka tsaya muna kallonsa kamar masu jiran tukunyar da ba a hura wa wuta ba.

Alhajin ya juyo gare ni. "Malam, ko akwai abin da aka manta?"

Kalma biyar ta isa: a cire madannan kafin kunnawa. Amma a gidanmu an koya mana ba a gyara wa babba a gaban baƙo, ko da rigarsa a bai-bai take. Na sunkuyar da kai.

"Babu, ranka ya daɗe."

Har yau in na tuna, ogan nake rainawa, amma na fi raina kaina.

Kafin azahar an ɗaure na'urar a bayan mota. Da oga ya miƙo mini takardar canjin wuri, ya dafa kafaɗata, ya ce duk ofishin babu mai tarbiyya kamata.